Darasi na 18: Sabon Babur da Takardar Garanti

Yau za mu yi magana a kan wata takarda da ke zuwa tare da sabon babur, ko keke mai ƙafa uku, ko mota. Sunanta takardar garanti. Da yawa cikinmu sai mun sayar da amfanin gonar shekara guda, wani ma har da sa, kana mu haɗa kuɗin babur. Amma in mun kawo shi gida, sai mu yar da takardunsa a bayan rumbu, gara ta cinye. Wannan asara ce.

Mene ne garanti?

Garanti alkawari ne. Kamfanin da ya ƙera babur ya yarda, in wani abu ya lalace saboda kuskuren ƙira, zai gyara shi ko ya sa sabo, ba mu biya ko kwabo ba. Kamfanin yana iya zama nesa ƙwarai. Bajaj da TVS na ƙasar Indiya ne, Honda kuwa na Japan. Ba sai mun je can ba. Suna da wakilai a manyan garuruwa, watau diloli, su ke cika alkawarin a madadinsu.

Alkawarin nan yana da iyaka biyu, ta kwanaki da ta nisan tafiya. Ga misali, a motoci da yawa akan rubuta shekara 3 ko kilomita 100,000. Duk wanda ya riga cika, garanti ya ƙare. Na babur yakan fi haka gajarta. Ɗan acaba ma yana iya cinye kilomitocinsa tun watannin ba su cika ba. Saboda haka kowa ya karanta tasa takarda, kada ya dogara da ta maƙwabcinsa.

Abin da ya shiga da abin da bai shiga ba

In sabon inji yana ɗigar da baƙin mai, ko mita ta tsaya, ko giya tana zamewa, ko batir ba ya caji, galibi laifin ƙira ne. Waɗannan su ne na garanti.

Amma akwai abubuwan da aiki ke cinyewa, kamar fulogi, da takalmin birki, da ƙwan fitila. Su mu ke saya da kuɗinmu. Haka kuma in mun faɗi, ko mun labta wa babur buhuna fiye da ƙarfinsa, ko mun zuba gurɓataccen mai, laifinmu ne, kamfani ba ruwansa.

Kada mu raina ƙaramin aibi

Wani zai ce, ɗan ɗigon mai ne kawai, ba zan yi tafiya har birni dominsa ba. To, mu duba. Baƙin mai shi ke hana ƙarafan inji gugar juna. In yana ɗiga kullum, sai ya ragu, inji ya yi zafi, wata rana ya buga. Sa'an nan dila yana iya cewa sakaci ne, mun ga ɗigo mun ƙyale. Gyaran da dā kyauta ne ya zama na kuɗi mai yawa. Banda haka, kwanakin garanti ba su jiran kowa. A bari ya huce, shi ke kawo rabon wani.

Abin da za mu yi

1. Ran saye, mu karɓi rasit da takardar garanti. Mu tabbata an rubuta kwanan wata, da lambar inji, an kuma buga hatimi. Mu gwada lambar takarda da wadda ke jikin inji.

2. Mu kai babur sabis a kan lokaci, a garejin da kamfani ya yarda da shi. Sabis na farko yakan faɗo tsakanin kilomita 500 da 1,000. Ko wane zuwa a rubuta mana a littafi.

3. In mun ga aibi, kada mu bari makanikin bakin kasuwa ya kwance inji, ko da gwani ne. In wani hannu ya shiga, kamfani yana iya janye alkawarinsa.

4. Mu je wurin dila da wuri, da takardunmu. Mu faɗi abin da muka gani filla-filla: yaushe ya fara, da sanyin safiya yake yi ko in inji ya yi zafi.

5. Mu nemi a rubuta kokenmu, da kwanan wata, da abin da mita ta nuna, a ba mu kwafi. In an ce kayan gyara ba su iso ba, wannan takarda ce shaidar cewa mun zo kafin garanti ya ƙare.

In dila ya ƙi fa?

Mu yi magana da ladabi, mu nemi ganin manaja. In abin ya faskara, akwai doka. A Nijeriya, dokar kare haƙƙin masu sayen kaya ta 2018 ta ba mai saye wata 3 ya mayar da kaya mai aibi, a gyara, ko a canza, ko a mayar masa da kuɗinsa. Hukumar da ke kula da dokar ita ce FCCPC, babban ofishinta yana Abuja, tana kuma karɓar koke. Amma can ma takarda za su fara tambaya.

Ga amfanin karatu ke nan. Wanda ya iya karanta takardarsa ba a juya shi da baki.

Tambayoyi

1. Mene ne garanti?
2. Faɗi iyakoki biyu na garanti.
3. Don me ba za mu ƙyale ɗigon baƙin mai ba?
4. Wa ke biyan kuɗin takalmin birki?

Aikin rubutu: kowa ya nemi babur a unguwarsu, ya kwafo lambar injinsa, ya kawo wa malami gobe.