Darasin Wannan Wata: Kada Ka Yi Garajen Amsa

Karatu: 1 Sarakuna 3:16-28

Bari mu fara da tambaya. Dabbobi nawa Musa ya shigar cikin jirgi kafin ruwan tsufana? Da yawa za su ce, "Biyu biyu." Amma Musa bai shiga jirgi ba; Nuhu ne ya shiga. Har ma biyu biyun ba ita ce dukan amsa ba, gama Farawa sura 7 ta nuna mana an ɗauki dabbobi masu tsarki bakwai bakwai. Kunne ya ji abin da ya saba ji, baki kuwa ya amsa tun hankali bai tashi ba.

Haka muke yi da abubuwa da yawa. Mutane sukan ce tozon raƙumi ruwa ne a ciki, alhali kitse ne, wanda jikinsa ke ci sa'ad da abinci ya yanke. Mukan ce masu hikima uku ne suka zo daga gabas su gaida Yesu. Ku duba Matta sura 2: kyautai ne aka ƙidaya uku, zinariya da lubban da mur, ba a faɗi yawan mutanen ba. A cikin gida kuma suka same shi. 'Ya'yan itacen da Adamu da Hawwa'u suka ci ma, Littafi Mai Tsarki bai faɗi sunansa ba.

Wani tsohon kacici-kacici

Akwai wani malamin ikkilisiya mai suna Alkuwin, mutumin Yok a ƙasar Ingila, wanda ya koyar a fadar Sarki Sharlaman, ya rasu a shekara ta 804. Cikin littafin lissafi da ake dangana masa, na wasa ƙwaƙwalwar samari, akwai wannan matsala. Wani mutum yana so ya haye kogi da kyarkeci, da akuya, da damin kabeji. Kwalekwalen ƙarami ne, ba ya ɗaukar sai shi da abu ɗaya. In ya bar kyarkeci da akuya, akuya ta halaka. In ya bar akuya da kabeji, kabeji ya tafi. Yaya zai yi?

Ka dakata ka yi tunani tukuna.

Ga amsa. Ya fara haye da akuya, ya komo. Ya haye da kyarkeci, sa'an nan ya komo da akuya. Ya ajiye ta, ya haye da kabeji, ya bar shi wurin kyarkeci. Ya komo shi kaɗai, ya ɗauko akuya. Sau 7 ke nan ya ƙetare ruwa, ba abin da ya ɓace.

Abin da ke hana mutane ganewa shi ne, sun ɗauka abin da aka haye da shi ba a komo da shi. Ba wanda ya kafa wannan doka. Su ne suka kafa wa kansu. A shekara ta 1967 wani likita ɗan tsibirin Malta, Edward de Bono, ya rubuta littafi a kan irin wannan tunani, wato mutum ya bar hanyar da kowa ke bi, ya zagaya wa matsala ta gefe.

Shari'ar Sulemanu

Tun da daɗewa Allah ya ba Sarki Sulemanu irin wannan hikima. Mata biyu suka zo gabansa, ɗa ɗaya a raye, ɗaya ya mutu, kowace tana cewa rayayyen nata ne. Babu shaida, gama su biyu kaɗai ke cikin gidan. Da sarki ya yi ta tambayarsu wa ke ƙarya, da har rana ta faɗi bai sami gaskiya ba. Sai ya sa a kawo takobi a raba yaron biyu. Nan take uwar ta yarda a ba ɗayar, muddin yaron ya rayu. Sarki ya bar binciken bakinsu, ya binciki zuciyarsu. Ku lura kuma, kafin wannan shari'a Sulemanu ya riga ya roƙi Ubangiji zuciya mai ganewa.

Abin da ya shafe mu

Wannan ba wasan yara kaɗai ba ne. Dattawan ikkilisiya sukan zauna sulhunta miji da mata, ko 'yan'uwa masu gardama a kan iyakar gona. Wanda ya fara kawo ƙara, maganarsa takan yi daɗi a kunne. In dattijo ya yanke hukunci a kanta, yana iya raba gida, ko ya kori marar laifi daga sujada. Wani lokaci dole mu komo da akuya, wato mu janye maganar da muka riga muka faɗa, mu sāke ji daga farko. Wannan ba abin kunya ba ne.

Tambayoyi

1. Me ya sa Sulemanu bai dogara ga maganar matan ba?
2. Wane abu ne ka daɗe kana tsammani yana cikin Littafi Mai Tsarki, da ka duba ka ga ba haka ba?
3. Ka taɓa hukunta ɗan'uwa tun ba ka ji ta bakinsa ba? Me za ka yi yanzu?

Addu'a: Ya Ubangiji, ka ba mu kunne mai haƙuri da zuciya mai ganewa, domin kada mu cuci kowa da garajenmu. Cikin sunan Yesu, Amin.