Darasi: Baka Mai Gaɓa Uku

'Yan'uwa matasa, harbi da baka sunna ne, ya kamata mu san sassaƙarsa. Wannan baka gaɓa uku gare shi: mariƙi da reshe biyu da noti ke ɗaurewa, in an gama a kwance a zuba a jaka. Mariƙi sai busasshen itace mai tauri, kamar maɗaci. Babban aikin yana ga rassan, dole su lanƙwasa daidai da juna. Mukan ɗaura tsarkiya, mu ja kaɗan, mu duba. Inda ya ƙi lanƙwasa mu kankare, inda ya yi laushi mu ƙyale. Mai gaggawa, a fuskarsa baka ke karyewa. Kada mu saki tsarkiya babu kibiya, reshe zai tsage. Allah Ya sa mu dace.