Darasi: Yara a Gidan Masu Barin Shaye-shaye

'Yan'uwa manoma, darasinmu na wannan wata a kan wani irin gida ne da ke ƙasar Amurka, inda mutanen da suka bar giya da ƙwaya suke zama tare. Muna so mu ga abin da zaman yara a gidan yake yi wa iyayensu.

Yadda Gidan Yake

Ana kiran gidajen nan Oxford House. An buɗe na fari a shekarar 1975 a jihar Maryland. Tsarinsu ya yi kama da na ƙungiyarmu ta gama kai. Mutum shida ko fiye sukan kama hayar gida, kowa ya biya rabonsa daidai da na ɗan'uwansa. Babu likita ko mai gadi a ciki. Sukan yi taro mako mako, su zaɓi shugaba da ma'aji waɗanda za su yi wata shida. Wanda ya koma sha kuwa, dole ya bar gidan nan da nan. Maza dabam, mata dabam, amma akwai gidajen da uwa ko uba yake zama da 'ya'yansa.

Malaman Jami'ar DePaul ta birnin Chicago sun bi sawun mutum 150 har shekara biyu, suka ba da sakamako a shekarar 2006. Cikin waɗanda suka zauna a gidajen nan, kashi 31 cikin 100 ne suka koma sha. Cikin waɗanda ba su zauna ba, kashi 65 ne.

Taimakon Da Yara Ke Kawowa

Na ɗaya, yaro yana tsara wa uwarsa yini. Dole ta tashi da sassafe, ta yi masa wanka, ta dafa abinci, ta kai shi makaranta. Zaman banza shi ne ƙofar da sha'awar sha take shigowa, yaro kuwa ba ya barin mutum ya zauna banza.

Na biyu, uwa tana ganin dalilin daurewarta da idonta kowace rana. Wadda aka raba ta da ɗanta takan karai, ta ce me ya rage. Saboda haka ne ma mata da yawa sukan ƙi zuwa neman magani, gama suna tsoro kada a karɓe musu 'ya'ya.

Na uku, sauran mutanen gida suna amfana. Sa'ad da malaman nan suka tambayi matan da ke zaune a gidaje masu yara, yawancinsu sun ce zaman yaran ya taimake su, har da waɗanda ba su da ɗa a gidan. Kowa yakan kame bakinsa, ya kula da halinsa, domin ƙananan idanu suna kallo.

Nauyin Da Ke Ciki

Kada mu ɗauka yaro magani ne. Reno yana gajiyarwa, kuɗin abinci da tufafi yana ƙaruwa, kukan dare yana hana barci. Uwa kuma tana fama da kunyar abin da ɗanta ya gani a baya. Gajiya da kunya suna iya mai da mutum ga sha. In kuwa ta koma, dokar gida za ta fitar da ita, ɗan ma ya rasa wurin kwana.

Ga abin da za mu koya. Nauyin da zai karya mace ɗaya a ɗakinta ita kaɗai, mata shida suna iya ɗauka. Wata ta riƙe mata yaro sa'ad da ta je aiki, wata ta lura da ita ranar da ranta ya ɓaci. Hannu da yawa maganin ƙazamar miya. Yaro yakan zama ƙarfi ga uwa ko uba in akwai manya kewaye da su masu tsayawa a kan doka.

Tambayoyi Don Tattaunawa

1. In ɗan ƙungiyarmu yana ƙoƙarin barin burukutu ko ƙwaya, wa yake lura da 'ya'yansa?
2. Yaushe ya kamata a bar yaro wurin mahaifinsa, yaushe kuma ya kamata dangi su riƙe shi tukuna?
3. Wane aiki za mu raba a tsakaninmu wannan damina domin mu rage wa irin gidan nan nauyi?