Daga Gwandu da Kalgo zuwa mahaifar wuri: shawarwari ga mai niyyar zuwa tsibiran Maldib

Duk wanda ya taɓa cewa ya biya kuɗi "wuri na gugar wuri" ya ambaci tsibiran Maldib, ko da bai sani ba. Kalmar kuɗi kanta jam'in wuri ce. A ƙarni na 19, lokacin da Gwandu ke riƙe da yammacin Daular Usmaniyya, da wuri ake sayen gero da goro da tufafi a kasuwanninmu, ana ɗinke dubu 20 a keso guda. Shi kuwa ɗan farin wurin nan, wanda ya fi kowanne daraja, a tsibiran Maldib ake tsamo shi, can cikin Tekun Indiya, kudu maso yammacin ƙasar Indiya.

Matafiyin nan na Maroko, Ibn Batuta, ya ga farkon hanyar, ya kuma ga ƙarshenta. Ya sauka Maldib a 1343 har ya yi alƙalanci a can, ya tarar ana ba da wuri 400,000 a dinari guda na zinari. Kimanin shekara goma bayan haka ya zo Mali da Gao, a bakin wannan kogi na Kwara da ke ratsa Yawuri, ya iske wuri 1,150 kacal ake canzawa da dinari. Daga baya jiragen Turawa ne suka riƙa jigilarsa zuwa gaɓar tekun Afirka ta Yamma, ya ratso ƙasar Yarbawa da Nufe ya iso mana.

Yau ɗan Gwandu ko ɗan Kalgo yana iya bin sawun wurin nan har mahaifarsa, kuma ba zai biya ko anini na kuɗin biza ba. Sai dai bizar ce kyauta, sauran tafiyar kuwa shiri take so. Ga abin da ya kamata ka sani kafin ka ɗaura niyya.

Bizar da ba a saya

Maldib tana ba ɗan yawon buɗe ido izinin zama na kwana 30 kyauta, kuma fasfon Nijeriya yana cikin waɗanda ake karɓa. Ba ka zuwa ofishin jakadanci, ba ka aika fasfonka ko'ina. A filin jirgin Belana, kusa da Male babban birnin ƙasar, jami'in shige da fice zai buga maka hatimi idan takardunka sun cika. Saboda haka duk dillalin da ya ce ka kawo kuɗi ya nemo maka bizar yawon buɗe ido ta Maldib, kama aljihunka ka yi gaba.

Abin da jami'in zai nema sananne ne: fasfo mai rai, tikitin dawowa, shaidar ka kama masauki mai rajista kuma ka biya, da alamar kana da guzirin da zai riƙe ka. Akwai kuma takardar bayanin matafiyi da ake cikewa a shafin intanet na hukumarsu mai suna IMUGA, cikin awa 96 kafin tafiya. Ita ma kyauta ce. Akwai shafukan bogi masu kama da na hukuma da ke neman a biya su, to da zarar an tambaye ka lambar katin banki, ka san ka ɓata hanya.

Ka sani, jami'in da ke gabanka shi ke da maganar ƙarshe. Mai fasfon Nijeriya kan sha tambayoyi a filayen jiragen duniya, don haka ka buga duk takardunka a kan takarda, kada ka dogara da waya kaɗai. Ka san sunan masaukinka da tsibirin da yake da ranar komawarka, ka amsa tambaya a natse. Wannan izini na yawo ne, ba a aiki da shi. Matashin da aka yi wa romon baka cewa ya shiga da bizar yawo, wai a can zai sami aikin otal, tsarewa da kora ne ke jiransa. Dokokin shiga ƙasa kuma suna canzawa, ka duba shafin hukumarsu kafin ka biya kuɗin tikiti.

Shirin da ake yi tun daga gida

Fara da fasfo. Mutumin Kalgo ofishin shige da fice na Birnin Kebbi a bakin ƙofarsa yake, na Gwandu ma tafiyar safiya ce. Ka tabbata sunanka da ranar haihuwarka sun yi daidai da abin da ke kan lambarka ta ɗan ƙasa, domin saɓanin harafi ɗaya kan riƙe mutum makonni. Daga 1 ga Satumban 2025, fasfo mai shafi 32 na shekara biyar naira 100,000 ne, mai shafi 64 na shekara goma kuma 200,000. Wanda ke da fasfo a hannu ya tabbata saura aƙalla wata shida kafin ya mutu.

Na biyu, katin rigakafin cutar shawara, wannan kati mai ruwan ɗorawa da alhazai suka sani. Nijeriya tana cikin ƙasashen da ake neman wannan kati daga gare su. Allurar ba ta fara aiki a hukumance sai bayan kwana goma, amma idan an yi ta sau ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa. Ka yi allurar da gaske, ka karɓi katin daga jami'an lafiya na tashoshin shiga ƙasa. Katin da aka saya a bayan fage ba ya kare jini, ba ya kuma ƙetare bincike.

Babu jirgin da ke tashi kai tsaye daga Nijeriya zuwa Male. Za ka bi ta filin jirgin Sa Ahmadu Bello da ke Ambursa, ko na Sultan Abubakar na Uku a Sakkwato, ko ka bi mota zuwa Abuja. Daga Abuja ko Legas sai a ya da zango a Doha ko Istanbul, a canza jirgi. Ka kwana a Abuja kafin ranar babban tashi, domin jirgin cikin gida idan ya makara, na waje ba zai jira ka ba. Ka kuma sayi tikitin gaba ɗaya a kamfani guda, don kayanka su wuce kai tsaye, kai ma kada ka buƙaci fita daga filin jirgin zango. Agogon Maldib yana gaban namu da awa huɗu.

Tsibiri iri biyu ne, ka san wanda ka zaɓa

Ƙasar tsibirai ce kusan 1,200, amma waɗanda mutane ke zaune a kansu ba su kai 200 ba. Akwai tsibiran da aka keɓe wa manyan otal-otal, kowane otal da tsibirinsa. Su ne ake gani a hotuna, ɗakuna a kan ruwa. Suna da tsada ƙwarai, kuma a cikinsu ana sayar da giya da naman alade, baƙi kuma suna shigar da suka ga dama.

Akwai kuma tsibiran 'yan ƙasa. Tun 2009 aka ba su izinin buɗe ƙananan masaukan baƙi, abin da ya sa mai matsakaicin ƙarfi ke iya zuwa. Ga iyalin da suka fito daga Gwandu ko Kalgo, nan ne shawarata. Za ka ji kiran salla sau biyar, abinci halal ne, ba giya, kuma za ka zauna cikin mutane. Hulhumale tana manne da filin jirgi, gadar Sinamale da aka buɗe a 2018 ta haɗa su da Male, mota za ta kai ka. Maafushi kuwa, wadda ta yi suna da masaukai masu sauƙin kuɗi, tafiyar ƙasa da awa ɗaya ce a jirgin ruwa mai gudu. A irin waɗannan tsibirai akan ware wani gefen gaɓa domin baƙin Turai masu wanka, ka tambayi mai masauki ya nuna maka inda 'yan gari ke zuwa da iyalansu.

Kafin ka biya ɗaki, tambayi yadda za ka isa tsibirin da nawa ne. Sau da yawa kuɗin jirgin ruwa ko ƙaramin jirgin sama mai sauka a kan ruwa shi ke karya lissafi, kuma na saman ba ya tashi da dare. Jiragen fito na gwamnati sun fi arha nesa ba kusa ba, sai dai ba su da sauri, yawancinsu kuma ba sa aiki ranar Juma'a.

Lissafin aljihu

Kuɗin ƙasar sunansa rufiya, dala ɗaya kimanin rufiya 15 ce a farashin hukuma, amma masaukai da dala suke lissafi. Ba inda za a karɓi naira. Ka sayi dalarka tun a gida, sababbi marasa yagewa, ka kuma tambayi bankinka ko katinka zai yi aiki a waje da iyakar abin da zai cire.

Farashin da ka gani a talla sau tari ba shi ne za ka biya ba. Ana ɗora ladan hidima kashi 10 cikin ɗari, sannan harajin yawon buɗe ido kashi 17 tun daga Yulin 2025. Ɗakin dala 100 ya tashi kusan 129 ke nan. Ga kuma harajin muhalli a kan kowane mutum kowane dare: dala 6 a ƙananan masaukai, dala 12 a manyan otal. Miji da mata da suka yi dare biyar a ƙaramin masauki za su biya dala 60 a wannan kaɗai. Ka sa mai masauki ya rubuto maka jimillar kuɗi da haraji a ciki.

Lokaci ma yana taɓa aljihu. Daga Disamba zuwa Afrilu rani ne, teku a kwance, baƙi sun cika, farashi ya hau. Daga Mayu zuwa Nuwamba damina ce, ɗakuna suna sauka, amma iska kan hana jiragen ruwa fita. Manomin da ke jiran ya kai amfanin gona gida kafin ya motsa, ya sani zai faɗa cikin lokacin tsada, sai ya kama masauki da wuri.

Masallaci da zaman gari

Mutanen Maldib Musulmi ne tun 1153. Ibn Batuta ya ruwaito cewa wani malami daga Magrib, Abul Barakat, shi ya musuluntar da sarkinsu, kuma a zamaninsa Malikawa ne kamar mu. Yau mazhabar Shafi'i suke bi. Za ka ji liman yana bayyana Bisimilla, za ka ga ana ƙunutin asuba bayan ruku'u, hannuwa a ɗage. Bi limaminka, kada ka tayar da gardama a gidan mutane. Ka kuma lura da alƙibla: mu gabas muke fuskanta, su kuwa arewa maso yamma.

A Male ka ziyarci tsohon masallacin Juma'a, Hukuru Miskiy, wanda aka gina da dutsen murjani a 1658, an sassaƙa jikinsa da zane mai ban mamaki. Ka dubi rubutunsu na Tana, daga dama zuwa hagu yake tafiya, da wasulla irin na Larabci, wanda ya saba da ajami zai ji kamar ya san shi. Hutun mako Juma'a da Asabar ne, shaguna kan rufe lokacin salla, da azumi kuma gidajen abinci na gari ba sa buɗewa da rana. Abincinsu kifi ne da kwakwa da shinkafa. Karin safe dakakken kifin tuna ne da kwakwa da albasa da barkono, a ci da gurasa marar kauri. Bakabe ba zai yi baƙunta da kifi da shinkafa ba.

Ba a shiga ƙasar da giya ko naman alade ko gumakan bauta, kuma tun ƙarshen 2024 an hana shiga da sigarin lantarki. Dokarsu kan miyagun ƙwayoyi mai tsanani ce. Mai shan magani ya tafi da shi a kwalinsa tare da takardar likita. Kada ka karɓi saƙon kowa a filin jirgi, komai kusancinku, sai ka buɗe ka gani da idonka.

Teku ba gulbi ba ne

Wanda ya tashi a fadamar Kalgo ya san ruwa, ya san kwalekwale. Amma igiyar teku tana ja ta ƙarƙashi a inda sama ke kwance lumui, musamman a mashigin da ke tsakanin tsibirai. Mu a Kebbi ba mu manta da hatsarin jirgin ruwan Warra na Mayun 2021 ba, da rayukan da ya ci. Ka sa rigar kariya duk lokacin da ka hau jirgi, ka sa wa yara kafin ka sa taka. Kada ka yi iyo kai kaɗai, kada ka taka murjani, yana yanka kuma yana mutuwa.

An tabbatar da ƙasar ta rabu da zazzaɓin cizon sauro tun 2015, amma akwai zazzaɓin dengi, shi ma sauro ke kawo shi, kuma da rana yake cizo. Idan jikinka ya yi zafi, gaya wa likita daga Nijeriya ka fito, don ya gwada maleriya. Manyan asibitoci a Male da kewayenta suke, jinya kuma tana da tsada ga baƙo, don haka inshorar lafiya ta tafiya ba asarar kuɗi ba ce. Ruwan sha ma abin tattali ne a can. Yawancin ƙasar ba ta fi mita ɗaya da rabi a saman teku ba, ruwan sama da tataccen ruwan teku suke sha.

Wata safiya, idan ruwa ya janye, ka taka bakin gaɓa ka duba tsakanin duwatsu. Mai yiwuwa ka ga wuri da ransa, yana tafiya a hankali da halittar da ke cikinsa. Ka kira yaranka su gani, ka gaya musu da irinsa kakanninsu suka biya sadaki suka sayi doki a Gwandu. Ka ɗauki hotonsa, ka bar shi a ruwansa, domin ƙasar tana tsaron halittun tekunta, fita da murjani ko ƙoƙon kunkuru ma laifi ne. Allah Ya kai ku lafiya, Ya dawo da ku lafiya.