Malamina ya mayar da bincikena abin dariya a gaban 'yan aji

Malam, ni ɗaliba ce 'yar aji huɗu a wata jami'a, gidanmu yana Janfalan a ƙaramar hukumar Ikara. Na daɗe ina bin filin nan naka, ban taɓa zaton ni ma zan rubuto ba, sai da tura ta kai bango.

Da aka ce kowa ya kawo batun da zai rubuta kundin digirinsa a kai, na kai nawa: yadda firgici ke taɓa ƙwaƙwalwar yara ƙanana a ƙauyukanmu. Ba daga sama na tsinto shi ba. Hutu guda na kwashe ina karatu a kai, kuɗin data da na ƙona Allah kaɗai ya sani. Malamin da aka haɗa ni da shi ya karanta taken, ya cire tabarau, ya ce, "Ke likita ce? A Janfalan ɗin kuke da injin ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa?" A gaban mutane fa, Malam. Aji ya kwashe da dariya. Har yau akwai masu ce mini "likitar ƙwaƙwalwa" in na shigo. Ya ce in je in kawo wani abu kan kayan koyarwa a firamare, irin wanda kowa ke yi.

Abin da ya fi ƙona mini rai, wata a ajinmu tsohon kundi ta ɗauko ta canza sunan gari, nan take ya sa mata hannu. Ni da na zo da abin da ya fito daga zuciyata aka muzanta. Ko ba zai amince ba, me ya hana ya kira ni ofis ya faɗa mini ni kaɗai?

Na san abin da idona ke gani. Tun abin da ya same mu bara, ƙanina ba ya barci sai da fitila, in ya ji ƙarar babur da dare sai ya shige ƙarƙashin gado, kuma ya koma fitsarin kwance bayan ya daɗe da dainawa. An yi ruƙiya, an sha rubutu, Baba ya ce shagwaɓa ce. Ba shi kaɗai ba ne a unguwarmu. Har na tsara tambayoyin da zan yi wa yara kamar talatin, su ba ni labarin abin da suka gani da bakinsu, in ɗauka a waya. Amma mutumin nan ko shafi na biyu bai buɗe ba.

Ƙawayena sun ce in kai ƙararsa wurin shugaban sashe. Wasu sun ce in biya a rubuta mini, in wuce wurin. Ni kuma zuciyata na raya mini in yi binciken a ɓoye, in ajiye masa sakamakon a tebur ya ji kunya. Don Allah Malam, abin da ya yi mini adalci ne? Me zan yi masa?

Ɗalibarka, daga Janfalan


'Yata,

Malaminki bai kyauta ba. Wanda aka ba amanar ɗalibi ba ya yi masa gyara da dariyar aji. Iyakar abin da zan ce a kansa ke nan, don ya riga ya cinye kusan duk wasiƙarki, ƙaninki kuwa layi uku kika ba shi. Ba ki faɗi shekarun yaron ba. Ba ki faɗi abin da ya same ku ba. Ko sashen da kike karatu ba ki ambata ba, alhali shawarar da za a ba ɗalibar ilimi daban take da ta mai karatun jinya. Mai son zama mai bincike ba ya tsallake irin waɗannan.

Tambayarsa kuma, duk da rashin ladabinta, tana da ƙashin gaskiya. Abin da firgici ke yi a jikin yaro an san da yawa daga cikinsa. Akwai wani ɗan sashe can cikin ƙwaƙwalwa, amigdala, da ke buga ƙararrawa in an ga haɗari, sai jiki ya saki sinadarai irin su kotisol, zuciya ta yi gudu, barci ya ƙaurace. Wannan rahama ce, da ita mutum ke tsira. Matsalar ita ce in ƙararrawar ta ƙi yin shiru bayan haɗarin ya wuce, ga shi kuma gaban ƙwaƙwalwa, wanda ke ce wa mutum "kwantar da hankalinka, babur ɗin maƙwabci ne", ba ya gama nuna sai an haura shekara ashirin. Amma ko da yau aka sauke injin MRI a kasuwar Ikara aka ba ki makulli, ba za ki kalli hoton yaro ɗaya ki ce ga firgici nan ba. Masu wannan aikin suna kwatanta hotunan yara da yawa ne kafin su ga ɗan bambanci tsakanin rukuni da rukuni. Ɗaliba mai zango ɗaya da kuɗin mota ƙalilan ba za ta ƙara wa duniya komai ta wannan ƙofar ba.

Ta wata ƙofar kuwa za ta ƙara. Ɗaya daga cikin binciken da aka fi ambato a wannan fanni ba da inji aka yi shi ba. Tsakanin 1995 da 1997, likitoci biyu a Amurka, Vincent Felitti da Robert Anda, sun raba takardar tambayoyi ga mutum sama da 17,000 a San Diego kan wahalhalun ƙuruciya: duka, cin zarafi, tashi a gidan da ake shaye-shaye ko ake dukan uwa. Suka gano cewa gwargwadon yawan abin da mutum ya sha yana yaro, gwargwadon ƙaruwar haɗarin ciwon damuwa, ciwon zuciya da shaye-shaye in ya girma. Ki lura, manya suka tambaya. Kafin su, Emmy Werner ta bi rayuwar yara 698 da aka haifa a 1955 a tsibirin Kauwai har suka manyanta. Cikin waɗanda suka tashi a talauci da rikicin gida, kusan kashi ɗaya cikin uku sun zama mutane masu natsuwa, kuma abin da ya yawaita a tarihinsu shi ne wani babba guda da ya riƙe su da gaske, sau da yawa kaka ko 'yar'uwar uwa ko malami. Wannan binciken na fi so a duk fannin, domin mu a nan abin da muke da shi ke nan a yalwace: kaka, gwaggo, uwar goyo, malamin allo. Amma wa ya zauna ya rubuta abin da kakannin Janfalan ke yi wa yaron da ya firgita? Baƙi ne suka fi yi mana irin wannan aikin. Murray Last ya zauna cikin Maguzawan ƙasar Malumfashi, a 2000 ya fitar da maƙala kan bambancin yadda ake horon yara da duka a ƙasar Hausa. Hannah Hoechner ta zauna da almajirai a Kano, littafinta ya fito a 2018. Kunne da littafin rubutu suka zo da shi. Ke kuma kin fi su harshe, kin fi su sanin ƙofar gida.

Yanzu batun yara talatin. Kada ki yi, ko a ɓoye ko a sarari. Za ki zaunar da yaro ki sa ya maimaita daren da yake gudun tunawa, ki kashe waya, ki koma makaranta. Wa zai kwana da shi? Kin zama wanzamin da ya tsaga maruru ba shi da auduga. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta yi gargaɗi kan matsa wa wanda ya firgita ya zayyana abin da ya faru da sunan taimako. Kuma ki tuna inda kike. A cikin ƙaramar hukumarku ne, a Saya-Saya, aka kashe mutum bakwai a harin da aka kai masallaci a Satumbar 2023. A Kuriga ta Chikun, ranar 7 ga Maris 2024, daga makaranta aka kwashi yara. A irin wannan ƙasa, muryar yaro a waya yana faɗin fuskar wanda ya gani, ko sunan wanda ake zargi infoma ne, tana iya jawo wa gida guda masifa. Don haka ne bincike kan yara ke bi ta kwamitin ɗa'ar bincike, da yardar iyaye, da amincewar yaron kansa, da wurin da za a tura shi in abin ya motsa.

Ga abin da za ki iya cikin zango ɗaya. Ki bar yaran, ki je wurin manyan da ke kewaye da su. Zaɓi firamare biyu ko uku a mazaɓar Janfalan, ki haɗa da Islamiyya ɗaya. Tambayi malamai: wane canji suke gani a yara bayan tashin hankali, me suke ɗauka shi ne, me suke yi in yaro ya daina magana ko ya fara faɗa, bulala ko lallashi? Tambayi iyaye mata ina suke fara kai yaro, kuma me ke hana su zuwa asibiti. In kina son lissafi, akwai takardar tambayoyi 25 da Robert Goodman ya fitar a 1997, ana ce mata SDQ, malami ko uwa ke cikawa game da halayen yaro, ba a tambayar abin da ya gani. Cire "ƙwaƙwalwa" daga taken, ki kai ta babi na biyu inda za ki zuba duk karatun da kika yi a hutu. Ki rubuta wannan a shafi ɗaya, ki same shi a ofis ke kaɗai, ki gaishe shi yadda ya kamata. Ya ce yana son firamare, to ga firamare. Shawarwarin ƙawayenki kuwa ba zan ɓata musu tawada ba.

Amma tambayar da ke ƙarƙashin wasiƙarki ba ta kundi ba ce. Kina neman hanyar da za ki tabbatar wa Baba cewa ba shagwaɓa ba ce, kuma kina ganin sai da hatimin jami'a zai yarda. Yaron ba zai jira ki kammala digiri ba. A kai shi Babban Asibitin Ikara a fara auna fitsarinsa, domin tsargiya, ciwon mafitsara ko sukari suna dawo da fitsarin kwance. In wannan ya fita lafiya, a nemi takardar turawa zuwa sashen masu lura da lafiyar ƙwaƙwalwa a asibitin koyarwa na Shika, ko asibitin Barnawa a Kaduna. Na san abin da mutanenmu ke cewa da sun ji Barnawa. Yaron da ya firgita ba mahaukaci ba ne. Ba kuma sai an bar addu'a ba. Tun 1954 Farfesa Adeoye Lambo ya nuna a Aro ta Abeokuta cewa ana iya haɗa aikin likita da dangi da masu maganin gargajiya a kan marar lafiya ɗaya. Kafin nan, a bar masa fitilarsa, a daina yi masa gori ko duka kan shimfiɗa, a sa ya kwana kusa da wanda ya fi sakewa da shi. Baba kuma kada ki tunkare shi da turancin jami'a. Ki bi ta kawunku ko limamin da yake jin maganarsa.

Sannan kin rubuta "abin da ya same mu". Ke ma kina cikin gidan, ko aƙalla labarin ya same ki. Yaya naki barcin? In kin raka shi wurin likita, ki faɗi naki.

Ki sake rubuto mini da shekarunsa, da sashenki, da abin da gwajin fitsarin ya nuna.