Kafin ku sayi iri, ku ƙirga jarkoki

Wani matashi daga Kumbiya-Kumbiya a cikin garin Gombe ya rubuto mini a madadin ƙungiyarsu ta samarin unguwa. Ya ce wani dattijo ya ara musu kango, kuma sun yi shawarar su mayar da shi lambu, su kafa rumfa a gefe inda za a riƙa koya wa yara zane da rini da ɗinkin hula, su kuma jawo marayu da almajirai da yaran da suka bar makaranta. Sun tara ɗan kuɗi ta hanyar karo-karo. Tambayarsa ita ce: da me za su fara, kuma yaya za su yi abin ya ɗore, tunda sun ga wasu sun fara irinsa ya mutu kafin shekara ta zagayo?

Ƙanena, Allah ya saka muku da alheri. Amma bari in fara da abin da ba za ka so ji ba. Yawancin lambunan ƙungiya da na ga sun mutu, ba rashin niyya ya kashe su ba, ba kuma rashin iri ba. Watan Maris ne ya kashe su. Ana kafa su da damina, ruwa na sauka kyauta, ganye ya yi shar, a ɗauki hotuna. Ruwa na ɗaukewa a watan Oktoba sai a koma sayen na kura. Kafin zafin bazara ya kankama, ma'aji ya fara ɓuya, lambun kuma ya zama wurin kiwon awakin maƙwabta.

Saboda haka ku zauna da biro da takarda tun ba ku taɓa fartanya ba. Fangali ɗaya mai faɗin mita ɗaya da tsawon mita goma yana shan kimanin lita 50 zuwa 70 a kullum idan rana ta buɗe sosai. Jarka biyu zuwa uku ke nan, irin mai cin lita 25. Fangali goma kuwa, jarka ashirin zuwa talatin, kullum ta Allah, har ranar Juma'a, har ranar Salla. Ku tambayi mai kura nawa yake sayar da jarka a unguwarku a watan Afrilu, ku ninka. Idan kuɗin ya fi abin da alayyahun zai kawo, to lissafi ya riga ya ba ku amsa: ku rage lambun ya dawo daidai da ruwan da kuke da shi. Ruwan famfon Gombe daga madatsar Dadin Kowa yake zuwa, a kan kogin Gongola, kuma an jawo shi ne domin sha da girki, ga gari yana ta faɗaɗa tun da ya zama babban birnin jiha a 1996. Kada ku gina lissafinku a kansa shi kaɗai. Rijiyar burtsatse kuma a Gombe ba abin wasa ba ce, domin akwai sassan da sai an nutsa ƙwarai kafin a tarar da ruwa. Ku nemi masanin ƙasa ya auna wurin kafin ku ba mai haƙa ko sisi.

Akwai ruwan da muke zubarwa ba mu ko waiwaya. Na farko shi ne na alwala. Masallacin da ake cika sahu sau biyar a rana yana zubar da ruwa mai yawa, kuma babu sabulu a cikinsa, babu maiƙo. Idan akwai masallaci kusa da kangon, ku sami liman da kwamiti, a jawo bututu zuwa ramin da aka cika da tsakuwa da yashi da gawayi, daga nan ya gangara cikin tanki. Da shi za a shayar da zogale da kuɓewa da itatuwa, a zuba a gindi, ba a kan ganye ba. Na biyu shi ne ruwan indararo da damina. Ruwan kwata da na kwari kuwa, ku yi nesa da su. Salak da kabeji da ake ci ɗanye, idan aka shayar da su da ruwan da bayan gida ke gangarowa cikinsa, amai da gudawa da taifot ake nomawa, kuma yaran da kuke son taimaka wa su ne za su fara kwanciya.

Ƙasar ma tana da nata hali. Yashi ne da yawa a Gombe, ruwa na zuba yana tsiyayewa, shi ya sa kwaruruka suka yanyanka garin, suna cin gidaje duk damina. Ƙasa irin wannan taki take nema kafin ruwa. Ku haƙa rami, ku riƙa zuba kashin awaki da na kaji da busasshen ganye da toka kaɗan, kuna yayyafa ruwa, kuna juyawa duk bayan mako biyu. Cikin wata biyu zuwa uku zai ruɓe ya yi baƙi. Ɗanyen kashin kaji yana ƙone shuka, kada a yi gaggawa. Bayan an shuka, a lulluɓe fangalin da ƙaiƙayi ko tattakar gero, danshi zai fi daɗewa. Idan kangon yana bakin kwari ne, a bar tazara, a dasa ciyawar jema a gefen, saiwarta na riƙe ƙasa. Inda wuri ya yi ƙaranci, a yi noman buhu kamar yadda matan unguwar Kibera suke yi a Nairobi: a cika buhu da ƙasa da taki, a jera tsakuwa a tsakiya daga ƙasa har sama domin ruwa ya ratsa, a huhhuda gefe a dasa. Wannan ma yaro zai iya ɗauka ya kai wa mahaifiyarsa ta ajiye a tsakar gida.

Me za a shuka? Na san zuciyarku na kan tumatir, kowa haka yake. Ku haƙura da shi a shekarar farko. Yana da laulayi, ga tsutsar nan da manoma ke kira sharon wadda ta share gonakin tumatir a Arewa a 2016, kuma ranar da naku ya nuna, ranar ce na Kwadon da Dadin Kowa zai cika kasuwa a kwanduna. Ba za ku iya karawa da masu noman rani a bakin ruwa ba. Abin da kuka fi su shi ne kusanci da tukunyar matan unguwa. Alayyahu yana isa yanka cikin mako uku zuwa huɗu. Rama da yakuwa da lalo ba su da fitina. Kuɓewa na fara 'ya'ya wajen wata biyu. Zogale kuwa a jera shi a matsayin shinge, a riƙa datse kansa kada ya miƙe ya fi ƙarfin hannu, mai kwaɗo za ta zo har ƙofa ta saya. Kada a shuka fangalai duka rana ɗaya. A rarraba, ɗaya wannan mako, ɗaya mako mai zuwa, yadda kuɗi zai riƙa shigowa kaɗan-kaɗan ba yankewa. Maganin ƙwari kuma, a daka 'ya'yan dogonyaro a jiƙa su kwana, a tace a fesa da yamma. Maganin kanti mai guba bai kamata ya shiga wurin da yara ke aiki ba.

Sai maganar kangon, kuma a nan zan ɗan tsananta. Ka ce dattijo ne ya ara muku. Allah ya ƙara masa lafiya, amma rai ba ya da tabbas, kuma magada ba su san da zaman alkawarin baki ba. Na taɓa ganin lambun da aka shekara uku ana gyara ƙasarsa, ranar da aka raba gado aka wayi gari tifa ta juye bulo a kan fangalan. A rubuta yarjejeniya: shekara nawa, me aka yarda a gina, wata nawa za a ba ku idan ana son wurin. Mai unguwa ya sa hannu, babban ɗan mai filin ya sa hannu. Idan dattijon yana da niyyar ya bayar wakafi ne, to a tabbatar da shi a rubuce gaban malamai da shaidu, a kuma bi ta hukumar GOGIS mai kula da takardun filaye a jihar. Kunya ce ke hana mu neman takarda a wurin babba, sai kuma a zo ana jin kunyar da ta fi ta a gaban alƙali.

Game da rumfar koyon sana'a, kuskuren da aka saba yi shi ne horon mako biyu, a raba takardar shaida, a watse. Hannu ba ya faɗawa a mako biyu. Ladi Kwali, wadda hotonta ke bayan takardar naira ashirin, a wurin gwaggonta ta koyi ginin tukwane tun tana yarinya, ta riga ta ƙware kafin 1954, shekarar da ta shiga cibiyar da Michael Cardew ya kafa a tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yau. Hanyarmu ta gado, wato yaro ya zauna gaban mai sana'a, ita ce har gobe ta fi. Ku zaɓi sana'a biyu kawai, waɗanda akwai gwaninsu a cikin unguwa kuma akwai mai sayen kayan: aikin hula, ko rini, ko rubutun allon shaguna, ko zayyana, ko lalle ga 'yan mata. Ku biya mai koyarwa ko da kaɗan ne, domin aikin sa kai yakan gaji a wata na uku. Idan rini kuka zaɓa, ku sani sinadaransa na zamani suna cin fata. Babba ne zai haɗa, da safar hannu, ruwan da aka zubar kuma kada ya kusanci lambu.

Zane fa? Wasu iyaye za su ce wasa ne, wasu su kawo maganar hukuncin zana mai rai. Kada ku yi jayayya da kowa, fagen yana da faɗi: zayyanar allo, adon bango irin na magina, dagi, tsarin zanen hula da na wuyan riga. Ni dai ba zan so a cire shi ba. Gombe ta karɓi iyalai da yawa da rikicin Boko Haram ya koro daga Barno da Yobe, kuma yaron da ya ga abin da bakinsa ba zai iya faɗa ba, sau da yawa takarda da fensir ne ke fara buɗe shi. Idan kuka ga yaro yana maimaita zanen wuta da bindiga, ko yana firgita, ko ya daina magana, wannan ya wuce aikinku. A gaya wa mai riƙonsa, a kai shi wurin likita.

Yanzu ga abin da ya fi komai nauyi a wasiƙarka. Yaran nan ɗalibai ne, ba leburori ba. Layin da ke tsakanin koyar da yaro noma da ci da guminsa siriri ne, kuma masu kyakkyawar niyya ma suna tsallaka shi ba su sani ba. Awa ɗaya ko biyu bayan la'asar ya isa. Jan ruwa da haƙa na manya ne. Kowane yaro a ba shi ɗan yankinsa da sunansa, abin da ya fito ya kai rabi gida, rabi a sayar a rubuta masa a littafi, a sayi takalmi ko littattafan makaranta da shi yana gani. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce karatun shekara tara na farko kyauta ne kuma dole ne, don haka sharaɗin shiga lambu shi ne zuwa makaranta. Wanda ya bari, aikinku na farko shi ne ku raka shi wurin hedimasta. Almajiri kuwa ba a ɗaukarsa ta bayan malaminsa. Ku je ku durƙusa ku gaida malam, ku nemi ranakun Alhamis da Juma'a da ba a karatu, kuma idan an yi yanka a kai wa tsangaya nata kason. Malamin da aka girmama shi zai riƙa tura yaran da kansa.

Kada ku kafa allo mai cewa lambun marayu. Yaro ba ya son a nuna shi da yatsa a hanya. Ku haɗa su da sauran yaran unguwa, jerin sunayen mabuƙata ya zauna a hannun mutum biyu. Hotunansu kuma kada su hau Facebook don neman tallafi. A ɗauki fangalan da hulunan, sun isa shaida. Babu babban da zai keɓe da yaro a ɗaki ko bayan magariba, komai yardar da aka yi masa, kuma 'yan mata mace ce za ta kula da su. Ku sa iyaye mata biyu ko uku a kwamiti, musamman zawarawan da ke riƙe da marayun, don su ne suka san gidan da aka kwana ba a ɗora tukunya ba. Su ma samarin da ake yi wa kallon 'yan Kalare, wato 'yan daba, kada a rufe musu ƙofa gaba ɗaya. A ba su aikin shinge da haƙar ramin taki a biya su, a lokacin da ƙananan ba sa nan.

Kuɗi a buɗe masa asusu da sunan ƙungiya, sa hannun mutum uku, a karanta lissafi a bainar jama'a duk ƙarshen wata. Ku yi rajista kafin ku nemi taimakon kowa. Dashen itatuwa kuwa, ku tuntuɓi masu kula da shirin Gombe Goes Green da gwamnatin jiha ta ƙaddamar a 2019, ku ji ko za a samu. Wanda ya zo da kyautar injin ban ruwa ko kekunan ɗinki, ku tambaye shi wa zai sayi mai, wa zai biya gyara. Ɗan siyasa idan ya kawo gudummawa a karɓa a yi godiya, amma kada fostarsa ta hau katangar lambu, don gobe wani ne a kan kujerar.

A wannan shekarar ku tsaya a kan fangali shida, yara goma sha biyar, sana'a biyu. Kuɗin karo-karon ku kashe shi a kan shinge da tanki da takardar yarjejeniya, iri shi ne mafi arha a cikin kayan. Ramin taki kuma a haƙa shi cikin makon nan, don ya ruɓe kafin lokacin shuka. Idan watan Afrilu ya wuce alayyahu na tsaye, ka sake rubuto mini mu yi maganar tumatir.