Haƙƙin Malami a Kanmu: Darasi daga Shekarar Annoba

Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya ɗaukaka ma'abuta ilimi. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

Ya ku ƴan'uwa Musulmi, a ranar 20 ga Maris 2020 gwamnatin Nijar ta rufe makarantu saboda annobar korona, ba a sake buɗe su ba sai 1 ga Yuni. Sati goma cur yara suna hannun uwayensu, har azumi ya zo ya wuce.

An gwada karatu daga nesa. Wasu malamai a birane suka riƙa aika darussa ta WhatsApp. To amma gida nawa ne ke da babbar waya? Inda take, sau da yawa guda ce tak, tana aljihun maigida, shi kuwa yana kasuwa. Ga tsadar kuɗin intanet, ga ɗaukewar wuta cikin zafin bazara. Yaron ƙauye kuma, galibi darasin bai isa gare shi ba sam.

A nan ne muka gane nauyin da malamai suke ɗauke mana. Uba mai ƴaƴa huɗu ya kasa zaunar da su awa guda a kan littafi, alhali malami yana wuni da aji cike maƙil. Waya tana iya maimaita wa yaro ƙira'a sau ɗari, amma ba ta jin inda ya karkace harafi balle ta gyara masa, kuma ba ta lura da ranar da ya zo da yunwa ko damuwa.

Magabata sun san haka tun tuni. Mahaifiyar Imamu Malik, da ta tura shi wurin Rabi'a a Madina, ta umurce shi ya fara koyon ladabin malamin kafin iliminsa. Sahabi Jabir ɗan Abdullahi ya yi tafiyar wata guda domin ya ji hadisi ɗaya daga bakin Abdullahi ɗan Unaisu.

Saboda haka abubuwa uku sun hau kanmu. Na farko, mu biya haƙƙin malami a kan lokaci, ko kuɗin laraba ne ko na wata. Malaman allo da na medarsa da yawa ba su da abin dogaro sai wannan, kuma lokacin rufewa wasunsu sun sha wuya ƙwarai. Wanda ya riƙe kuɗin watannin da malami ya koyar da ɗansa, bashi ne a wuyansa har gobe kiyama. Na biyu, kada mu aibata malami a gaban yaro, na lakwal ne ko na medarsa, domin yaron da ya raina malaminsa ba ya samun albarkar karatu. Na uku, mu riƙa zuwa makaranta da ƙafarmu, mu gaishe su, mu tambayi halin ƴaƴanmu.

Allah ya saka wa malamanmu da alheri, ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, ya kare mu daga annoba. Amin.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.